Ina Zaune a Ƙofar Maigida, Albasata Tana Ruɓewa a Rudu

Malam Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai kamar ni ban taɓa tafka wauta ba, yau dai na ce bari in kawo tawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu kuma muna gaisawa.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da ɗaya. Ɗan Gwandu ne ni, da takardar difloma naɗe cikin leda a ƙasan akwati, da mata da 'ya'ya biyu. In aka tambaye ni aikina sai in ce ina tare da maigida. Maigidan nan wani ɗan siyasa ne a Kalgo, kuma shekara shida cur na yi a ƙofar gidansa. Aikin kuwa shi ne in yi wanka da sassafe, in sa shadda mai guga, in zauna a benci tare da 'yan'uwana masu jira. In ya fito mu miƙe, in zai shiga mota in buɗe ƙofa, in ya shiga taro in riƙe masa wayoyi, in ya yi magana mu ce haka ne. Albashi babu, sai abin da hannunsa ya ciro daga aljihu, wata rana da kauri, wata rana a yi mako ba a ga komai ba. Abin da ya ɗaure ni shi ne alkawarin takardar ɗaukar aiki, wadda kullum tana kan hanya. Daga Asabar zuwa Alhamis a shagon ƙofar gidan nake kwana, ranar Juma'a in koma Gwandu in sauka daga mota ina taku ɗai-ɗai. 'Yan unguwa suna ce mini Honorabul, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Abin da ban so a sani ba shi ne matata ke riƙe da gidan. Tana soya gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, da shi ake cefane, da shi ake sayen sabulun da take wanke shaddar da nake tinƙaho da ita. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Iyakarta in na dawo ta tambaye ni ko takardar ta fito, in ce saura ƙiris, ta ce Allah ya kawo ta, ta ci gaba da murza ƙulinta. Ni kuma a raina ina yi wa sana'arta kallon wasan mata, ina jiran ranar da zan fara ɗaukar albashi in ce ta daina shan hayaƙi.

Ranar da idona ya fara buɗewa, baƙi ne suka zo wa maigida daga wata jiha. Bayan an ci abincin rana ana hira a falo, ni ina tsaye a gefe da wayoyinsa uku a hannu, sai wani daga cikinsu ya tambaye shi cikin raha ko ba ya tsoron yaron da ke riƙe masa waya ya koma wajen abokan hamayya da asirinsa. Maigida ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Wanga? Ko na kore shi yau, gobe nan za ka ishe shi. Ina za shi?" Aka fashe da dariya, kuma wallahi tawa ta fi ta kowa ƙara, domin abin da aka horar da ni ke nan. Sai da na fita alwalar la'asar na zauna a kan dutse maganar ta sauka a ƙirjina. Ba zagi ba ne, ba kuma da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma ta fi ciwo. Gaskiya ya faɗa. Na duba gabas na duba yamma, na ga in ƙofar nan ta rufe ba ni da hanyar ciyar da iyalina ko na mako guda.

Daga ranar na ƙudura cewa sai na samu abin kaina. A majalisarmu ta benci ana yawan labarin masu ajiyar albasa, yadda mutum zai saya da arha lokacin cira a ƙarshen rani, ya ajiye, damina ta yi nisa farashi ya tashi ya ninka kuɗinsa. Yadda muke ba da labarin sai ka ce albasar ce ke ajiye kanta. Jari ba ni da shi, amma akwai shanun huɗa guda biyu da suka faɗo a rabona na gadon mahaifinmu, waɗanda ake ba da hayarsu da damina ana samun ɗan hatsi. Na ce zan sayar. Matata ta ba ni shawara in bar shanun, in fara da buhu biyar da ɗan abin da ta tara, in koyi aikin tukuna. Na ce mata buhu biyar ai na masu talla ne, ni mai ilimi ne, na yi lissafina a takarda kuma lissafi ba ya ƙarya. Na kai shanun kasuwa na sayar. Babbar wautar kuma ita ce ban bar ƙofar maigida ba, ban kuma gaya masa ba. Na so in riƙe benci da hannu ɗaya in riƙe kasuwa da ɗaya, don kada takardar aiki ta fito ba na nan.

Akwai wani dattijo a Maruda, abokin mahaifina, wanda ya tsufa cikin noman albasa da ajiyarta. Baba nake ce masa. Na same shi na gaya masa niyyata, ya yi murna, ya ce zai ba ni wuri kusa da nasa in kafa rudu. Ga wanda bai sani ba, rudu gado ne na itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa, a shimfiɗa albasa a kai, a yi masa rufin ciyawa saboda rana da ruwa. Baba ya raka ni fadama sayen kaya. Ya kai ni wajen wani tarin albasa matsakaiciya, ɓawonta a bushe yana ƙaras-ƙaras, ba ta da wani kyan gani, ya ce wannan zan saya. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wani tarin can gefe, manya-manya, jajaye, suna sheƙi. Shekara shida ina zaɓen kayan da za a kai wa manya tsaraba, na saba cewa babba mai ƙyalli shi ne mai kyau. Baba ya ɗauki guda ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, wagga albasar ci ta, ba ta ajiya ba. Taɓa wuyanta ka ji, ɗanye na."

Ya yi mini bayani cewa an ɗura mata takin zamani don ta yi girma, an kuma ba ta ruwa har dab da cira don ta yi nauyi, irin wadda ake lodawa a mota a kai kudu a cinye cikin mako biyu. Ta ajiya ita ce wadda aka yanke wa ruwa tun da wuri, aka bar lawashinta ya kwanta ya bushe, wuyan ya tsuke. Shi kansa mai albasar bai ɓoye mini ba, ya ce in ajiya zan yi in bi maganar dattijo. Amma zaman ƙofar 'yan siyasa ya koya mini cewa duk wanda ya hana ka abu, so yake ya mallake shi. Na raya a raina cewa sun haɗa baki ne don su bar wa dillalansu mai kyau su tura mini ragowa. Na yi murmushin wanda ya gano dabara, na ce manyan nake so. Na zuba kuɗin shanun mahaifina kaf, aka auna mini buhu arba'in. Baba ya ce tunda na nace, to aikina ya ninku.

Da muka gama kafa rudu muka shimfiɗa kaya, ya kafa mini sharaɗi. Duk kwana goma sai in zo da kaina, a buɗe, a bi albasar ɗaya bayan ɗaya da hannu, a fitar da duk wadda ta fara laushi, domin guda ɗaya in ta fashe takan jiƙa na kusa da ita. Tawa kuwa, tunda mai ruwa ce, kada ma in bari ta cika kwana goman. Ya kuma tuna mini al'adar wurin, cewa ba a buɗe rudun mutum ba ya nan, ko ɗan'uwanka ne, domin ranar da aka auna aka ga ya ragu ba wanda zai iya wanke kansa. Na ce na ji. Zuwa biyu na farko na cika alkawari, ko da yake yanzu in na tuna kunya nake ji. Da shadda nake zuwa, in tsaya daga nesa ina nuni da baki, Baba da shekarunsa yana durƙushe yana tsince mini. Kowane zuwa akan fitar da kwando biyu ko uku da suka lalace, ni kuma ina ganin ai ba komai ba ne cikin buhu arba'in.

Sai harkar siyasa ta taso. Maigida ya shiga yawo, yau ta'aziyya, gobe ɗaurin aure, jibi taron jam'iyya, kuma duk inda za shi ina gaban mota da wayoyi. Ruwan farko ya sauka, iska ta yi nauyi, zafi da laima suka haɗu. Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce. Kowace safiya sai in ce yau zan nemi izini, in ya fito kuma bakina ya mutu. Me zan ce masa? In ce ina da albasa, ya ce ashe na fara neman hanyar gudu, ya ba wani takardar da na yi shekara shida ina jira? Baba ya kira ni a waya, na gani na danne, domin ina cikin taro. Ya sake kira bayan kwanaki, na ɗauka na ce ina nan tafe jibi. Kira na uku ma ban ɗauka ba. Matata ta ce in ba ta izini ta je ita da ƙanwarta su tsince, na hana, wai kada a ce matar Honorabul tana tonon albasa a ƙauye. Haka na yi mako shida ban taka Maruda ba.

Ranar da na samu kaina na je, hancina ne ya fara ba ni labari tun kafin in hango rudun. Ƙudaje sun yi masa baƙi, wani ruwa mai yauƙi yana ɗiga ta ƙarƙashin karan, ƙasan wurin ya zama taɓo. Baba yana zaune a inuwar nasa rudun, bayan ya sha wahalar janye kayansa gefe don kada nawa ya shafe su. Na fara ɗaga murya ina tambayar me ya sa ya zuba ido dukiyata ta lalace yana gani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Sau ukku nik kira ka. Ba a buɗe rudun mutum ba shi nan, ka sani. Wanda yar riƙe ka can, shi ya kamata shi taho shi tsince maka." Na cire babbar riga na rataye a reshe, na naɗe hannu, na tura yatsuna cikin ruɓaɓɓiyar albasa karo na farko a rayuwata.

Kwana uku muna aikin. Matata ta zo da kwanduna, wannan karon ba ta ma nemi izinina ba. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma shirun nata ya fi mini zafi a kan faɗa. Ita ta ware waɗanda suka ɗan taɓu, ta yanke inda ya lalace, ta bi masu sayar da abinci a tasha ta karyar musu. Cikin buhu arba'in, tara muka tsira da su, su ma dole muka sayar nan take kafin farashi ya tashi. Ragowar muka haƙa rami muka binne. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shanun da mahaifina ya yi shekaru yana kiwo, yana kiran kowanne da sunansa, ni na mayar da su taki cikin wata uku. Har yau in na ga shanun huɗa a gona sai na ji abin ya taɓa ni, kuma ko da na sayi wasu, ba nasa ba ne.

Abin da zai ba ku mamaki, washegari Kalgo na nufa. Niyyata in faɗi gaban maigida in gaya masa asarar da na yi, ko zai tausaya ya ba ni wani abu. Na zauna a benci ina tsara yadda zan fara. Abokan zama suna ta matsawa, domin duk sabulun da na sa warin bai bar hannuna ba. A ƙarshen bencin akwai wani dattijo mai furfura, wanda tun zamanin uban maigida yake wannan zama. Na sha ganinsa, amma ranar na kalle shi da kyau. Da aka ji motsin ƙofa sai ya yunƙura da kyar, yana dafa gwiwa, yana gyara hula, yana shirya murmushi tun maigida bai fito ba. Na gane cewa in na buɗe baki na roƙa yau, an ba ni ko ba a ba ni ba, na sayi gurbina a ƙarshen bencin nan. Maigida ya fito ya tambaye ni ina na shige kwana huɗu. Na durƙusa na gode masa, na ce sallama na zo yi, zan koma gida in kama sana'a. Ya yi dariya, ya ce ƙofa a buɗe take duk ranar da na gaji, ya ciro kuɗin mota ya miƙo mini. Da zan ƙawata labari sai in ce na ƙi karɓa. Na karɓa, domin ba ni da na komawa Gwandu. Shi ne dai na ƙarshe.

Na koma wurin Baba na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya ɗauke ni lebura a rudunsa. Ya ce in na yarda zan zo da tsohuwar riga, ya ɗauke ni. Wata huɗu ina tsintar albasar wasu ana biyana a wuni. 'Yan unguwa suka samu abin yi, in na wuce da yamma a kan keken aro sai ka ji ana cewa Honorabul an sauka daga mulki. Makon farko ina bin lungu, daga baya na ga ba wanda ya taɓa ba ni kwanon hatsi cikin masu dariyar, sai na koma bin babban titi ina ɗaga musu hannu. A wurin Baba na koyi abin da difloma ba ta koya mini ba. Na koyi jin albasa da tafin hannu, na koyi sauraren ƙarar ɓawonta, na gane wadda ta ci takin gida da wadda aka hura da na zamani, na san kaurin shimfiɗar da iska za ta iya ratsawa. Na kuma koyi tambaya in ban sani ba, wanda a da nake ganin faɗuwar girma ne.

Sarrafa kuɗi kuwa a ɗakina na koye shi, wurin matar da nake raina sana'arta. Ashe shekarun nan duk gwangwani uku take da su. Ɗaya na uwar kuɗi, wanda ko baƙo ya sauka ba a taɓa shi. Ɗaya na cefane. Ɗaya na ranar da ba a fata, ciwo ko gobara ko rasuwa. Ta ce ni ma in mayar da kaina lebura a kasuwancina, in yanka wa kaina abin da zan riƙa ɗauka, in ya ƙare ya ƙare, ko da kuwa za a yi biki ban yi ɗinki ba. Da rani ya zagayo, da kuɗin buhu taran nan da abin da na tara na leburanci, na sayi buhu bakwai na irin wadda Baba ya fara nuna mini, marar kyan gani. Duk mako ina kanta. Abin da ya lalace bai cika buhu ba. Ban sayar gaba ɗaya ba, kashi uku na yi, ina fitarwa sannu a hankali yadda kasuwa ta nuna.

A shekarar na haɗu da wata mata 'yar Zuru, Kirista ce, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya ta kama safarar albasa zuwa kudu. Madam muke ce mata. Ranar farko ta sa aka zazzage buhuna ƙasa a gaban jama'a, ta bi ta latsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu mai laushi ba, ba ta kuma samu ƙanana a ƙasa manya a sama ba. Tun daga ranar kafin motarta ta taso sai ta kira ni. Ita ta ba ni shawara in buɗe asusun banki daban don uwar kuɗi, wanda ba shi da kati kuma ba ya cikin waya, domin ta ce kuɗin da ke cikin waya na duk wanda ya iya marairaice murya ne. Na bi shawararta, kuma ta cece ni daga kaina fiye da yadda ta cece ni daga dangi.

Yau shekara biyar ke nan. Ina da rudu uku nawa na kaina, ina hayar fadama ina noma wani ɓangare na abin da nake ajiyewa, matata ta sayi injin markaɗen gyaɗa da kuɗinta. Ni ba mai kuɗi ba ne, akwai shekarar da farashi bai tashi yadda muka zata ba muka fita da ƙyar. Amma yarana suna makaranta, in ɗayansu ya yi zazzaɓi ba na jiran wani ya tashi daga barci kafin in kai shi asibiti. Ina zuwa gaida tsohon maigidana da Sallah, in zauna a kujera mu gaisa, in na ga lokaci ya yi in tashi. Ba na riƙe da shi a rai, domin bai ɗaure ni da igiya ba, ni na kai kaina na zauna. Takardar aikin ma har yau ba ta fito wa kowa a cikinmu ba.

Abin da na koya, kuma nake son matasa su ji, kaɗan ne amma da tsada na saye shi. Kada ka zuba duk abin da ka mallaka cikin sana'ar da hannunka bai taɓa ba. Ka fara da ƙarami, ka durƙusa wa wanda ya riga ka, ko bai san boko ba, ko matarka ce. Ka raba uwar kuɗi da kuɗin ci. Sannan ka sani dukiya ba ta tsaron kanta, in ka ba wani lokacinka gaba ɗaya to ka ba shi har da abin da ka ajiye. Ban ce kowa ya bar ubangidansa ba, aiki a ƙarƙashin wani ba laifi ba ne in aiki ne mai suna da lada. Zaman jira nake magana, wanda ba ka san ranar ƙarewarsa ba, domin abin da yake cinyewa ya wuce shekaru.

Na ga hakan da idona a bana. Maigida ya tare a Abuja, aka rufe gidan Kalgo, 'yan benci suka watse. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya girme ni da shekara goma, mai 'ya'ya shida, ya biyo ni har Maruda neman aiki. Na ɗauke shi da murna. Ranar farko na lura bai zauna ba sai da na ce ya zauna, aka kawo fura bai sha ba sai da na fara. Can da hantsi muna tsinta sai na ga ya matso ya rage murya, wai yana neman izinina zai zaga ya kama ruwa. Na rasa inda zan sa idona. Na ce masa, "Yaya, nan ba ka da maigida. Bana ka koya, baɗi ka kafa naka kusa da nawa, ko buhu biyar na." Ya juya albasa guda a hannunsa, sannan ya ce shi bai san ko zai iya ba, domin shekara goma sha biyar ke nan bai yanke shawarar komai da kansa ba.

Ɗan'uwana da ke zaune a benci yanzu haka da guga a jikinka, kana karanta wannan kana sauraren motsin ƙofa, ka tashi tun kana iya tashi ba tare da an ce maka tashi ba.